Yumɓun Fulawa Mai Ƙamshi: Wasa da Darasi

A ƙauyukan Bichi da Ɗambatta, yara sun saba gina shanu da raƙuma da yumɓun bakin kududdufi. Sai dai ruwan kududdufin da ke da dodon koɗi yakan ɗauke da ƙwayoyin tsargiya, wato fitsarin jini, masu shiga jiki ta fata. Ga yumɓun da za a haɗa a gida maimakonsa.

A sami fulawa gwangwani 2, gishiri gwangwani 1, ruwan ɗumi gwangwani 1, man gyaɗa cokali 2, da dakakken kanumfari kaɗan. A kwaɓa, a murza sosai har ya daina kama hannu. Mai son launi sai ya yi kwaɓin da ruwan zoɓo.

Me ya sa fulawa, ga gero da dawa a rumbu? Dalili shi ne alkama tana da wani sinadari, gulutin, wanda yake yin danƙo idan ya sha ruwa da murza. Gero da dawa ba su da shi, don haka kwaɓinsu yakan tsattsage. Shi kuwa gishiri, janye ruwa yake yi daga jikin ƙwayoyin fumfuna, ya hana su yaɗuwa. Man da ke cikin kanumfari, ban da ƙamshi, yana taya shi wannan aiki.

Abin lura: gishirin ya yi yawa ga ciki, kada a bar ƙaramin yaro ya ci.

Aikin aji: a diga ruwan kanwa a kan kwaɓin zoɓo. Wane launi ya koma?