Amsoshin Tambayoyinku: Mene ne Garo?

Malam Sani daga Funtuwa yana tambaya: shirin Japan ɗin nan mai suna Garo, zanen katun ne ko mutane ne ke wasan? Kuma ya dace da yara?

To, Malam Sani, mun gode. Garo na asali mutane ne ke wasansa. Keita Amemiya ne ya ƙirƙiro shi, tashar TV Tokyo ta fara nuna shi a 2005. Daga baya aka yi masa na katun.

Jarumin shirin, Kouga Saejima, maharbin aljanu ne. Aljanun kan shiga jikin mutumin da mugunta ta cika masa zuciya, su riƙa cin mutane. In faɗa ya yi tsanani, Kouga ya zana da'ira a sama da takobinsa, sulken zinare mai kan kyarkeci ya sauko masa. Sai dai sulken nan ba ya kai daƙiƙa 100 a jikinsa, in ya zarce haka, sulken ya fi ƙarfinsa. Kouga yana kuma da zobe mai magana, Zaruba, mai shinshino aljanu.

Batun yara kuwa, a'a. Garo na manya ne, akwai jini da tsiraici, shi ya sa ma da tsakar dare aka nuna shi a Japan.