Giya, Hanta da Hawan Jini

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, Larabawa suna kiran giya hamru, asalin kalmar kuwa rufewa ne, domin tana rufe hankali. Haramcinta ya sauka daki-daki, hukuncin ƙarshe yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91. Darasinmu na yau a kan wata rufewar ce: yadda take ɓoye ɓarnarta a jiki.

Hanta ce ke sarrafa mafi yawan barasar da aka sha, ko ta kwalba ce ko burkutu. Idan ta wahala, sai wani sinadari nata da likitoci ke kira GGT ya yawaita a jini, alhali mai ita bai ji ciwon komai ba. Likitoci sun lura cewa masu yawan wannan sinadari sun fi saurin kamuwa da hawan jini, watau awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye. Shi ma hawan jinin shiru yake zuwa, sau da yawa sai ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza kafin a farga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 2.6 a shekarar 2019.

Amma a kiyaye. Ƙiba da ciwon sukari da waɗansu magunguna su ma suna ɗaga wannan sinadari. Saboda haka bai halatta a ga takardar asibitin wani a zarge shi da shaye-shaye ba.

Kai kuwa da aka jarraba, kada ka yanke ƙauna. Idan ka bari, sinadarin kan sauka cikin 'yan makonni, jini ma ya lafa, kitsen da ya taru a hanta ya ragu. In ka bari ta taurare, da wuya ta komo. Je ka a auna jininka, ka gaya wa likita gaskiya, domin wanda ya daɗe yana sha da yawa, bari farat ɗaya na iya jawo masa karkarwa da farfaɗiya. Tuba da magani ba sa karo da juna.

Allah Ya shirye mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.