Darasin Larabci: Mubaraza da Huznu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa, darasinmu na wannan fitowa kalmomi biyu ne da ɗalibi ke yawan cin karo da su a littattafan sira: mubaraza da huznu.

Mubaraza daga baraza take, wato ya fito fili. Ma'auninta mufa'ala ne, wanda ke nuna aikin da mutum biyu suke yi wa juna. To, mubaraza ita ce jarumi ya fito tsakanin runduna biyu ya nemi wanda zai tare shi gaba da gaba, kafin a gwabza. Al'adar Larabawa ce tun Jahiliyya.

Ranar Badar, 17 ga Ramadan shekara ta 2 bayan Hijira (624 Miladiyya), Utba ɗan Rabi'a ya fito da ɗan'uwansa Shaiba da ɗansa Walidu. Samari uku na Ansar suka tare su, sai Ƙuraishawan suka ƙi, suka ce tsaransu na danginsu suke so. Mu lura da wannan, domin nan girman kai ya ɓuya: kowa da wanda yake ganin ya isa ya kashe shi. Annabi (SAW) ya tashi Hamza da Aliyu da Ubaida ɗan Harisu. A ruwayar Ibn Ishaƙ, Hamza ya kashe Shaiba, Aliyu ya kashe Walidu, Ubaida da Utba suka sari juna, sannan aka ƙarasa Utba. Ubaida ya cika a Safra'u a hanyar komawa Madina.

Larabcin zamani yana amfani da wannan kalma ɗaya ga wani abu daban da Turawa suka daɗe suna yi, wato faɗan kare mutunci. Babu yaƙi, babu runduna. An zagi mutum ne ko an taɓa sunan matarsa, sai ya aika wa abokin husumarsa goron gayyata, a sa rana da wuri, kowa ya zo da amininsa a matsayin shaida, a yi da takobi ko bindiga. Haka Aaron Burr, mataimakin shugaban Amurka mai ci, ya harbi Alexander Hamilton, ministan kuɗi na farko na ƙasar, ranar 11 ga Yuli 1804, ya mutu washegari. Haka ma mawaƙin Rasha Pushkin ya tafi a 1837. Ƙamus ya haɗa su a kalma ɗaya, amma hukunci bai haɗa su ba. Malamai sun yi maganar mubaraza a babin jihadi, kuma da yawansu sun ɗaure ta da izinin shugaba. Ta biyun kuwa kisan kai ce kawai da aka sa wa riga. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakra cewa Musulmi biyu idan suka zare wa juna takobi, da mai kisan da wanda aka kashe duk wuta ce makomarsu, don shi ma mamacin ya yi kwaɗayin kashe ɗan'uwansa. Wanda ya ɗauki adda a zango don an raina majalisarsu a filin ƙwallo, ya san a wane layi ya tsaya, kada ya ari sunan Hamza.

Sai huznu, wato baƙin ciki. Malaman luga sun ce haznu ita ce ƙasa mai tauri da gargada, kishiyar sahalu, ƙasa mai laushi. Ke nan mai baƙin ciki kamar mai tafiya ne a kan tsakuwa ba takalmi. Sun kuma bambanta shi da hammu: huznu a kan abin da ya wuce ne, hammu a kan abin da ake jira.

Me ya haɗa kalmomin nan? Kowace mubaraza tana barin wani gida da makoki. Hindu 'yar Utba ta rasa uba da baffa da ɗan'uwa da safiya ɗaya. Ƙuraishawa kuma suka hana kukan mamatansu, don kada Musulmi su ji su yi musu dariya. An ruwaito cewa Aswadu ɗan Muɗɗalibi, tsoho makaho da ya rasa uku daga zuriyarsa, ya ji mace tana kuka da dare, ya aiki yaro ya gano ko an ɗage dokar, domin cikinsa yana ƙuna. Ashe raƙuminta ne ya ɓata. Baƙin cikin da aka danne haka shi ya fashe a Uhudu shekara ta 3, inda Wahshi ya jefi Hamza da mashi, Hindu ta yi wa gawarsa abin da ta yi.

Shi ma Hamilton, ɗansa Philip ya riga shi mutuwa a irin wannan faɗa a 1801, yana da shekara 19, wajen kare sunan ubansa. Ƙanwarsa Angelica hankalinta ya gushe saboda baƙin ciki, bai dawo daidai ba har ta mutu a 1857.

Addini bai hana baƙin ciki ba. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yaƙuba (AS), wanda idanunsa suka yi fari saboda rashin ɗansa, amma Allah kaɗai ya kai wa ƙara. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalibi ana kiranta Amul Huzni. Abin da aka hana shi ne marin fuska da yage riga da kururuwar Jahiliyya. Saboda haka mu rage gaya wa samari cewa namiji ba ya kuka, don Ƙuraishawa sun gwada. Likitoci ma yanzu sun bambanta baƙin cikin da ke lafawa da wanda ke zama ciwo. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 akwai doguwar jimamin rashi, wadda ta haura wata 6 tana hana mutum aiki da shiga mutane. Irin wannan, bayan addu'a da ta'aziyya, sai a raka shi asibiti.

Wallahu a'alamu.