Amsoshin Tambayoyinku: Jatan Lande da Kifin Diskas

Wani mai sauraronmu yana tambaya: shin zai iya zuba jatan lande cikin akwatin gilashin da yake kiwon kifin diskas, don su riƙa share masa datti?

To Malam, za ka iya, amma da sharaɗi. Diskas ɗan kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, ruwa mai ɗumi yake so, digiri 28 zuwa 30. Jatan lande kuwa sun fi sakewa a ƙasa da haka, zafin yana rage musu kwana.

Babbar matsalar ita ce bakin diskas. Jajayen ƙananan jatan lande 'yan asalin Taiwan, da ya hango su sai ya ɗauka kalaci aka kawo masa. Gara ka nemi nau'in Amano, wanda ke kai santimita 5, gwanin cin gansakuka da ragowar abinci. In da hali, ka fara zuba su kafin kifin, ka cika akwatin da tsirrai da itace, domin idan sun yi saɓa jikinsu laushi yake yi, sai sun ɓuya.

Maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe yana kashe su, ka duba kwalbar tukuna. Kuma kashin kifi ba sa ci, canjin ruwa yana nan a wuyanka, Malam.