Takardar Fili da Rasit na Haraji

Yawancinmu gadon gonakinmu muka yi, shaidunmu kuwa dattawa ne da itatuwan kan iyaka. Amma dattijo yakan mutu, itace kuma yakan faɗi. Sau da yawa gwauraye da marayu ne ke rasa gona domin ba a rubuta kome ba.

Abin da doka ta ce

A Nijeriya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. A birni, gwamna ne ke ba da takardar mallaka. A ƙauye, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe fili domin noma ko gini. Sayar da irin wannan fili ko jinginar da shi yana bukatar amincewarta.

Tsarin mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma aikin ƙiyasta gidaje domin haraji, bisa abin da majalisar dokokin jiha ta tsayar. Rasit ba takardar mallaka ba ne, amma yakan taimaka wajen nuna mai riƙe da wurin.

Abin da za mu yi

• Mu rubuta iyakokin gona a gaban mai gari da maƙwabta, kowa ya sa hannu.
• Mu nemi rasit na hukuma mai sunanmu duk lokacin da muka biya.
• Mu nuna wa matanmu da 'ya'yanmu inda takardun suke.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Gidaje nawa ne a cikinmu suke da takarda?
2. Wa zai raka gwauruwa ofishin filaye na ƙaramar hukuma?