Yadda Hanta Ke Mai Da Magani Guba

Duk abin da mutum ya haɗiya, ko ƙwayar magani ce, ko jiƙon sassaƙe, ko ragowar feshin da ya maƙale a jikin wake, daga hanji jini yake kwasarsa ya kai shi hanta tukuna, kafin ya zagaya sauran jiki. Mu masu aikin binciken guba, yawancin aikinmu bin sawu ne: me ya shiga, me hanta ta mai da shi, ta ina ya fita, me ya ɓata kafin ya fita. Jama'a sun ɗauka hanta wanke guba kawai take yi. Tana wankewa, ba shakka. Amma akwai abubuwan da ba sa yin ɓarna sai sun shiga hannunta, kuma wasunsu suna cikin gidajenmu.

Ƙoda ba ta iya zubar da abu sai mai narkewa a ruwa, yawancin magunguna kuwa sun fi jituwa da maiƙo. Don haka hanta take sarrafa su a matakai biyu, kamar ɗan dakon da ya samu buhu mai santsi: ya fara yi masa kunne, sannan ya ɗaura igiya ya ja. A matakin farko, wasu sinadaran aiki da ake kira saitokurom P450 suna ɗan sauya ginin baƙon abin. A na biyu, a manna masa wani abu mai son ruwa, sai ya fita ta fitsari ko ta ruwan matsarmama. Haɗarin yana tsakanin matakan nan biyu, domin abin da matakin farko ya haifar wani lokaci ya fi na asali zafi.

Mu ɗauki farasitamol, wanda kusan babu gidan da ba shi. Idan aka sha shi bisa ƙa'ida, kusan kashi 90 cikin ɗari hanta tana ɗaure shi lafiya ya fita. Ɗan abin da ya rage shi ne ke komawa wata guba mai suna NAPQI. Hanta tana da ajiyar wani sinadari, gulutatayon, da ke cafke wannan guba nan take. Idan aka sha fiye da kima, ajiyar ta ƙare, sai gubar ta juyo kan hantar da ta haifar da ita tana kashe ƙwayoyinta. Masu bincike a Amurka ne suka warware wannan a 1973, kuma daga nan aka samo makarinsa, asetilsistin, wanda ke taimaka wa hanta ta sake cika ajiyarta. Ya fi aiki idan aka ba da shi cikin awa 8 na farko.

Abin da ke yaudarar iyali shi ne, a ranar farko mutum bai fi tashin zuciya ko amai ba, wani ma garau yake. Sai a kwana na uku ko na huɗu ido ya yi ɗorawa, hankali ya fara gushewa, a lokacin kuma ɓarna ta yi nisa. A abin da muke gani wajen aiki, da yawa ba da gangan suke wuce kima ba. Mutum ya sha Panadol don ciwon kai, ya ƙara da maganin mura wanda shi ma farasitamol ne a ciki, da yamma ya je kyamis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, a zuba masa a leda babu suna. Iyakar babba mai lafiya giram 4 ne a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Wanda ya rame, ko ya daɗe ba ya cin abinci, ko mashayin giya, ko mai ciwon hanta, iyakarsa ba ta kai haka ba. Na yara kuwa da nauyinsu ake aunawa, ba a kacaccala musu na manya da ka.

Misali na biyu yana cikin rumbu. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba tana fitar da gubar aflatokzin. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, aka bi diddigi aka tarar daga abincin gyaɗar da aka shigo da shi daga Burazil ne. Ita ma hanta ce ke tayar da ita: matakin farko yana mai da ita wani abu da ke manne wa ƙwayoyin gado, ya lalata waɗanda ke hana ciwon daji tasowa. Idan aka ci da yawa lokaci guda tana kisa, kamar yadda masara ta hallaka mutum 125 a Kenya a 2004. Idan kuwa kaɗan-kaɗan ake ci shekara da shekaru, kansar hanta take jawowa, kuma haɗarin yana ninkuwa sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Suya da dafuwa ba sa kawar da ita. Saboda haka gyaɗar da aka tsince aka ware don ta yi baƙi ko ta yamutse, mai da ita ƙuliƙuli ko tunkuza bai tsarkake ta ba. Ko dabba aka ba, wani kaso yana fitowa a madara.

Na uku ya taɓa mu a Najeriya har sau biyu. A 1990 yara 109 suka rasu bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da dayetilin gilaikol, sinadarin da ake sa wa a man birki. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, maganin haƙorin jarirai My Pikin ya kashe yara 84 da irin wannan sinadari. Yana da zaƙi, yaro ba ya ƙin sha. Hanta ce ke mai da shi ruwan guba mai tsami da ke kashe ƙoda, shi ya sa babbar alamarsa ita ce yaro ya daina fitsari.

Ga abin da nake roƙon 'yan'uwa su riƙe. Kafin a haɗa magani biyu, a karanta bayan kwalin, ko a tambayi mai harhaɗa magani ko akwai farasitamol a dukkansu. Kada a karɓi haɗin da ba a san sunan kowace ƙwaya a cikinsa ba. Idan likita ya tambayi me ake sha, a faɗa masa har da na gargajiya, domin su ma ta hanta suke bi, kuma wani yana hana wani fita. Kwalaben da ake talla a tasha da sunan wankin hanta ƙarin aiki ne gare ta, tunda su ma sai ta sarrafa su. Abin da ke kare ta shi ne gwajin ciwon hanta nau'in B, da allurar rigakafinsa, musamman ga jarirai tun daga haihuwa. Manoma kuma su shanya amfani a kan tamfol maimakon ƙasa, su bari ya bushe ƙarau kafin a zuba a buhu, su zubar da wanda ya yi fumfuna. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona don rage gubar tun kafin girbi.

Idan kuwa wani ya sha magani fiye da kima, ko fiya-fiya, ko kananzir, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Aman kananzir yana iya faɗawa huhu ya fi shan muni. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, a tafi da kwalbar ko kwalin abin da ya sha, a kuma faɗa wa likita ƙarfe nawa ya sha, domin da wannan lokacin ake yanke shawarar maganin da za a ba shi.