Feshin Ganyen Rake: Tsawo Daban, Zaƙi Daban

Ya 'yan'uwa masu sayen rake tun yana tsaye a gona, da masu dafa mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi da Kudan da Hunƙuyi, ga bayani a kan abin nan da ake fesa wa ganye, wanda masu tallarsa ke ce wa maganin girma. Mu dai hatsi muke aunawa a Tudun Wada, amma kuɗinmu yakan shiga rake, shi ya sa muka bi diddiginsa.

Sunansa jibaralin. A 1926 wani masani ɗan Japan, Kurosawa, ya gano cewa wata funfuna ce ke sa shinkafa ta zarce 'yan'uwanta tsawo, ta yi siriri, ta kwanta ba ƙwaya. A 1935 Yabuta, shi ma ɗan Japan, ya ware sinadarin ya raɗa masa suna. Watau daga cuta aka samo shi. Aikinsa miƙa gaɓa. Ba taki ba ne, ko kaɗan.

Manoman rake na tsibiran Hawai sun fesa shi a shekarun 1970, a watannin sanyi, domin sanyi na takure rake, gaɓoɓinsa su fito gajeru. Kowa ya duba karan da ya ratsa hunturu a fadamunmu ya ga haka da idonsa. To, a nan ne yake da amfani, amma fa sai in akwai ruwa da taki a gindi. Raken da ke jin ƙishi, in an tilasta masa tsawo, sirancewa zai yi, iska ta kwantar da shi.

Ga inda asara take. Mai sayar wa masu sha, tsawon kara kuɗi ne a gare shi. Mai dafa mazarƙwaila kuwa zaƙin ruwa yake saye. Raken da aka fesa dab da sara yana ta miƙewa, yana cin zaƙinsa wajen girma; a ƙona itace mai yawa, a kwashe kaɗan. Saboda haka mai saye ya tambayi ranar feshi kafin ya yi tayi.

Mai son gwadawa ya duba lambar NAFDAC a jikin kwalba, kada ya wuce awon da aka rubuta, ya fesa da sassafe kafin iska ta taso. Ya bar kunya goma ba feshi. Ranar matsa a matse kowane kashi daban, dami daidai da dami, a ƙirga mazarƙwailar da ta fita, sa'an nan a cire kuɗin magani da ladan mai feshi.